Aikina ya hargitse da na canza manhaja

Tambaya: Na rubuta aikin kammala karatuna a Microsoft Word. Da na buɗe shi a Google Docs, sai farkon sakin layi ya karkace, lambobin jeri kuma suka koma daga 1. Me zan yi? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, rubutunki bai ɓace ba. Kowace manhaja tana da nata tsarin auna tazara da ƙirga lambobi, shi ya sa sukan saɓa.

Yawanci matsalar daga yatsunmu take. Wanda ya tura farkon layi ta hanyar danna maɓallin tazara sau biyar ko shida, da zarar salon harafi ya canza sai tazarar ta canza. A Word ki danna Ctrl da Shift da 8 tare, za ki ga ɗige-ɗigen da ke ɓoye. Ki goge waɗanda ke farkon layi, ki shiga Paragraph, ki zaɓi First line, ki sa santimita 1.27. A Google Docs kuwa wannan zaɓin yana ƙarƙashin Format, wajen Align & indent.

Lambobi kuma, kada ki haɗa na hannu da waɗanda manhaja ke sawa da kanta. Inda ƙirga ta sake farawa, ki danna lambar da maɓallin dama na linzami ki daidaita ta.

Ni dai shawarata, ki ƙarasa aikin a manhaja ɗaya. Ranar kai shi shagon bugawa, ki adana shi a PDF, domin shi ba ya motsi ko a wace kwamfuta aka buɗe shi.