Makiyayi Wanda Ba Ya Kawo Guntun Kunne

A ƙasar Isra'ila akwai doka a kan mai kiwon dabbobin wani. Muna samunta cikin Fitowa 22:10-13. Idan aka sace tunkiya a hannunsa, sai ya biya. Amma idan naman jeji ya yayyage ta, sai ya kawo abin da ya ragu domin shaida, ba za a bi shi bashi ba. Annabi Amos ya yi zancen wannan (3:12). Ya ce makiyayi yakan ƙwato ƙafafu biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. Da wannan guntu ɗan haya yakan wanke kansa. Amma tunkiya ta riga ta mutu.

Bari mu duba waɗansu makiyaya biyu da ba su tsaya a nan ba. Yakubu ya yi wa Laban kiwo shekara 20. Cikin Farawa 31:38-40 ya tuna wa Laban cewa bai taɓa kawo masa yagaggiyar dabba ba, shi da kansa yake ɗaukar hasarar. Rana ta ƙone shi, sanyin dare ya ci shi, barci ya ƙi idonsa. Dawuda kuma, sa'ad da yake yaro yana kiwon tumakin ubansa a Baitalahmi, idan zaki ya ɗauki ɗan rago, yakan bi shi, ya buge shi, ya ƙwace ɗan ragon daga bakinsa (1 Sama'ila 17:34-35). Shi ne ya kira Ubangiji makiyayinsa cikin Zabura 23. Ya san abin da yake faɗi.

Wajen shekara 600 kafin haihuwar Yesu, aka kwashi mutanen Yahuza bauta zuwa Babila. A can Allah ya yi magana ta bakin Ezekiyel, sura 34. Ya tsauta wa shugabannin jama'a, gama sun ci kitse, sun sa ulu, amma ba su ɗaure wa karyayya ƙafa ba, ba su nemi ɓatacciya ba. Sai Allah ya yi alkawari, shi da kansa zai nemi tumakinsa.

Alkawarin nan ya cika cikin Yesu Kristi. Cikin Yohanna 10 ya nuna mana bambancin ɗan haya da mai tumaki. Ɗan haya ya ga kyarkeci, ya gudu, domin tumakin ba nasa ba ne. Makiyayi mai kyau kuwa yakan ba da ransa saboda su. A kan gicciye ya ɗauki hasararmu a kansa, ya ƙwace mu da rai daga bakin mutuwa. Saboda haka mai bi wanda ciwo ko tsoro ko tsanani ya same shi, kada ya ce an manta da shi. Wanda ya biya jininsa dominmu ba zai bar mu a jeji ba.

Amma akwai magana a kanmu kuma, ya 'yan'uwa. Sau 3 Yesu ya umurci Bitrus ya yi kiwon tumakinsa (Yohanna 21:15-17). Ibraniyawa 13:17 kuwa ta ce shugabanni za su ba da lissafi. Idan wani ya daina zuwa sujada, yana da sauƙi mu ce, ai mun yi masa gargaɗi, laifinsa ne. Wannan guntun kunne ne kawai. Mutumin misalin Luka 15 yana da tumaki 100, ɗaya ta ɓace, ya bar 99 ya bi sawunta har ya same ta.

Tambayoyi domin bincike:
1. Me ya sa ɗan haya ya gudu?
2. Wace hasara ce Yesu ya ɗauka dominmu?
3. Wane ne ya ɓace daga ekklesiyarmu, wa zai je gidansa cikin makon nan?