RAKA, WOFI DA DAƘIƘI

Karatunmu na wannan wata yana cikin Matta sura 5, aya 21 da 22. A buɗe a karanta tukuna, kana a bi wannan bayani.

A wurin nan Ubangiji Yesu ya ambaci kalmomi biyu na zagi, ya jera su tare da kisankai. Ta fari ita ce Raka. Da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, amma wannan kalma ta Aramiyanci ce, harshen da mutanen Galili suke yi a gida da kasuwa. Ma'anarta abin da ba kome a cikinsa. Hausa tana da irinta sak, wato wofi. In ka ce da mutum ɗan wofi, ko mutumin banza, ka faɗi Raka ke nan. Ta biyu ita ce wawa. Hukuncin ta fari shi ne majalisa, wato babbar majalisar Yahudawa mai mutum 71 a Urushalima. Na ta biyu kuwa wutar Jahannama.

To, mu dubi namu bakin. Muna da kalmomin nan da yawa, kowace da inda take sara. Dolo da soko su ne waɗanda ake cuta a ciniki suna murmushi. Gaɓo da gaula ga girman jiki, ba wayo. Sakarai da shashasha ba su kula da abin da zai amfane su. Bagidaje da kifin rijiya laifinsu rashin fita ne kawai, ba su ga duniya ba. Samari kuma sun aro mumu daga bakin mutanen kudu. Sauran sai mu koma garke, mu ce jaki, mu ce tunkiya.

Wani zai ce, ai Littafi Mai Tsarki kansa cike yake da zancen wawaye. Gaskiya ne. Bulus ya kira Galatiyawa marasa azanci, Ubangiji ma ya kira malaman Attaura da Farisiyawa wawaye cikin Matta 23. Amma a lura da irin wautar da ake nufi. Ku tuna da Nabal cikin 1 Sama'ila 25, wanda ma'anar sunansa wawa ce. Yana da tumaki 3,000 da awaki 1,000. Mai irin wannan dukiya ba dolo ba ne, ba a cutarsa a kasuwa. Wautarsa ita ce ya rama alherin Dawuda da wulakanci, ya kusa jawo wa gidansa hallaka, sai da matarsa Abigel ta tare fitinar. Wautar da Littafi yake tsauta wa ta zuciya ce, mai ita kuwa yana iya tuba. Mu kuwa yawanci kan mutum muke zagi, da saurin ganewarsa, abin da ba shi ya ba kansa ba.

Ba kuma wasan taubasai ake hanawa ba, ko na jika da kaka, ko na Bafulatani da Babarbare. Can kowa ya san wasa ne, ana ramawa, a rabu da dariya. Aya 22 da fushi ta soma. Zagin da take nufi shi ne wanda fushi da reni suka haifa.

Kalmar da ta fi damuna ita ce daƙiƙi, domin yara ake jifa da ita, su kuwa ba su da ikon ramawa. Yaro ya kāsa karatu, malami ya faɗa masa a gaban aji, abokai su ɗauka, kafin mako ta zama sunansa. Wani yaron ba ya ganin allo sosai. Wani kunnensa ne ba ya ji. Wani bai karya kumallo ba. Akwai kuma wanda haruffa ke rikice masa a ido, alhali kuwa hankalinsa garau yake. Iyaye da malaman makarantar Lahadi, in yaro ya yi ta kuskure a aya guda, ku matso da shi gaba, ku tambaye shi abin da yake gani a allon, ku tambayi uwarsa ko ya ci abinci.