BARI IN KOMA GARINA: KULA DA TSOFAFFI A GIDAJENSU

Karatu: 2 Sama'ila 19:31-39, 1 Timoti 5:3-8
Ayar Haddacewa: 1 Timoti 5:4

Gabatarwa

Sa'ad da Dawuda ya gudu daga Absalom, wani dattijo mai arziki daga Rogelim, mai suna Barzillai, ya ciyar da shi da jama'arsa a Mahanayim. Da yaƙi ya ƙare, sarki ya so ya sāka masa, ya ce ya biyo shi Urushalima ya zauna a fada. Barzillai, mai shekara 80, ya ƙi. Ya ce ba ya jin daɗin abinci kamar dā, kunnensa ba ya kama muryar mawaƙa, kuma ba ya so ya zama wa sarki kaya. Abin da ya roƙa shi ne a bar shi ya koma garinsu, ya mutu kusa da kabarin iyayensa. Dawuda bai tilasta masa ba. Ya sumbace shi, ya sa masa albarka, ya ɗauki Kimham a madadinsa.

1. Mu saurari abin da suke so

Da yawa cikinmu muna aiki a Kaduna, Jos ko Abuja, Baba da Mama kuwa suna gida. Da zarar ƙarfinsu ya fara raguwa sai mu ce su tattaro su dawo wurinmu. Niyyar mai kyau ce. Amma tsohuwar da aka raba da maƙwabtanta, da kajinta, da zumuntar mata, aka ajiye ta a ɗaki daga safe har yamma, takan rame ko da ana ba ta nama kullum. Girmama iyaye da Fitowa 20:12 ta umarta ya haɗa da tambayarsu kafin a yanke shawara a kansu. In rashin lafiya ya yi tsanani har zaman kaɗaici ya zama haɗari, a zauna da su cikin ladabi da addu'a a sami mafita tare.

2. Mu gyara gidan

Barin tsoho a gidansa ba yashe shi ba ne. Faɗuwa ɗaya takan karya ƙugu, ta kwantar da mutum har ƙarshen ransa. Rigakafi ya fi magani, don haka mu zaga gidan mu duba:

Banɗaki: a kankare gansakuka, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a sa kujera don wanka. In tsuguno ya gagara, kafinta zai iya yin kujera mai rami a ɗora kan salga.

Hanya: a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a cike ramukan tsakar gida, a rage tsayin dokin ƙofa. A canza silifas da ya suɗe.

Haske: tocila ko fitila mai caji ta kwana kusa da gado, gama tsofaffi sukan tashi fitsari da dare.

Wuta da ruwa: kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, kada kuma a kunna janareto kusa da taga, hayaƙinsu yana kisa cikin barci. A rufe bakin rijiya, a sami yaron da zai riƙa cika randa.

Waya: a ajiye lambobin mutum biyu ko uku na kusa, a kuma gargaɗe su kada su ba kowa lambar sirrin katin banki.

3. Bangaskiya da kula da jiki

Mun gaskata Yesu yana warkarwa har yau, muna kuma ɗibiya hannu a kan marasa lafiya. Duk da haka Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Mai hawan jini ko ciwon sukari kada ya daina shan magani sai likita ya auna shi ya ce ya daina, kada kuma ya shiga dogon azumi ba tare da shawarar likita ba. Yanar ido ana cire ta a asibiti, mutum ya sake karanta Littafi Mai Tsarki da kansa.

'Yan'uwa, akwai abin da dole mu faɗa a fili. Idan tsohuwa ta fara mantuwa, tana surutai ko fita da dare, sau da yawa ciwon ƙwaƙwalwa ne na tsufa. Kiranta mayya da korarta daga gida zunubi ne a gaban Allah. Asibiti take bukata, da haƙuri, da wanda zai zauna da ita.

4. Aikin iyali da na ikkilisiya

Bulus ya ɗora nauyin nan da farko a kan 'ya'ya da jikoki, ya ce wanda ya ƙi kula da mutanen gidansa ya yi musun bangaskiya. A Markus 7 Ubangiji ya tsauta wa masu fakewa da baiko don su hana iyayensu taimako. Zakka ba ta maye gurbin buhun masarar Mama ba. Kuɗi kuma ba ya maye gurbin ziyara, gama zumunci a ƙafa yake.

Inda babu 'ya'ya, ikkilisiya ce iyali. A Ayyukan Manzanni 6 an zaɓi mutum 7 cike da Ruhu don kula da rabon abincin gwauraye. Mu rubuta sunayen tsofaffinmu, kowane ɗaya ya sami mai leƙa shi kowane mako. Matasa su gyara rufi kafin damina, masu mota su ɗauko su zuwa sujada. Mu kuma ba su aiki: addu'ar roƙo, shawara ga sababbin ma'aurata, koyar da yara. Hannatu tana da yawan shekaru sa'ad da ta yi shelar Mai Ceto a Haikali.

Tambayoyi

1. Me ya sa Dawuda bai tilasta wa Barzillai ba?
2. Wane tsoho ne a unguwarku ba shi da mai leƙa shi?
3. Wane gyara ɗaya za ka yi a gidan iyayenka a wannan wata?

Addu'a

Ya Uba, kai da ka yi alkawarin ɗaukarmu har furfura, ka buɗe idanunmu mu ga bukatar iyayenmu. Ka tsare su daga faɗuwa da kaɗaici, ka ba mu zuciyar yi musu hidima. Cikin sunan Yesu, Amin.