Ina Ruwan Tagwai Yake Tafiya Da Rani?

A shekarar 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birninta. Jama'a suka yi ta ƙaruwa, bukatar ruwan sha ta yi yawa, saboda haka aka gina madatsar ruwa ta Tagwai kusa da garin, aka gama ta a 1978. Daga nan ruwa yake zuwa ma'aikatar tace ruwa ta Chanchaga kafin ya shiga famfo. To, wanda ya ga tafkin a watan Satumba, in ya koma a watan Maris zai tarar ruwan ya ja baya. Wani mutanen gari ne suka sha, wani ya nutse cikin ƙasa. Amma akwai wanda ba mai ɗibansa, sama ya yi.

Masana kimiyya sun ce duk abin da yake da nauyi, yake kuma cin wuri, ana samunsa cikin ɗayan hali uku. Ko dai sandararre ne kamar dutse da ƙanƙara, ko mai ruwa-ruwa kamar manja da kananzir, ko kuwa iska kamar tururi. Akwai hali na huɗu da ake samu cikin rana da walƙiya, amma ba shi ne abin magana a nan ba.

Kowane abu an gina shi ne da waɗansu ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. A cikin ƙanƙara ƙwayoyin suna riƙe da juna gam, sai ɗan karkarwa kawai suke yi. A cikin ruwa suna kusa da juna, amma suna zamewa, shi ya sa ruwa yakan ɗauki siffar tulu ko ƙwaryar da aka zuba shi. A cikin tururi kuwa sun watse, kowace ta kama gabanta. Zafi ne yake sauya wannan hali. Ruwa yakan daskare a digiri 0 na ma'aunin santigireti, ya tafasa a digiri 100 a bakin teku. A wuri mai tudu kamar Jos yakan tafasa kafin ya kai haka, don iskar da ke danne shi ba ta da nauyi sosai.

Sai dai ba lalle ne ruwa ya tafasa kafin ya zama tururi ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Kullum ƙwayoyin da ke saman tafki suna kuɓucewa suna shiga iska. Busasshiyar iskar hunturu da zafin bazara su ne suke gaggauta abin, kuma gwargwadon faɗin tafki, gwargwadon asararsa. Ruwan bai ɓace ba. In ya hau sama ya yi sanyi, sai ya zama girgije, ya dawo da damina. Wannan hikima ce take sa ruwan randa sanyi: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, yana bushewa, yana tafiya da zafin.

Abin lura shi ne, ruwa in zai tashi, shi kaɗai yake tashi. Duk abin da ya narke a cikinsa kamar gishiri yakan bar shi a ƙasa. Da haka ne mutanen Bilma, a Jamhuriyar Nijar, suke samun gishirin da ayarin raƙuma ke kawowa ƙasar Hausa. Haka nan takin zamani da dattin da aka zuba a bakin tafki ba sa bin tururi, suna nan, kuma da rani, da ruwa ya ragu, sai ƙarfinsu ya ƙaru. Don haka manoma da masu wanki a gefen Tagwai, da kowace madatsa, su yi nesa da bakin ruwa da irin waɗannan kaya.

A gida kuma, tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifod, muddin an bar shi yana ɓararraka har minti ɗaya cur. Amma tafasa ba ta fitar da gubar da ta narke a ciki. Ruwan da aka ɗebo a jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi, ko an tafasa shi, ba na sha ba ne.