Siririn Mazari Mai Ɗamara: Shaidar Lafiyar Rafi

Mazari iri biyu ne, babba da siriri. Babban, shi ne wanda kowa ya sani, yana da kaurin jiki da ƙarfin tashi, idanunsa sun kusa haɗuwa a bisa kai, in ya sauka kuwa fikafikansa a shimfiɗe su ke. Siririn kuwa jikinsa kamar tsinke, idanunsa nesa da juna, fikafikansa huɗu kusan kama ɗaya. In ya sauka, yawanci sai ya haɗe su a kan bayansa.

A ƙasar Turai akwai wani siririn mazari wanda masana ke kira Calopteryx splendens. Wani Baturen Ingila, Moses Harris, shi ya fara kwatanta shi a rubuce cikin ƙarni na 18. Ana samunsa tun daga Ingila da Faransa da Jamus, har gabas cikin ƙasar Rasha.

Yadda a ke gane shi

Tsawonsa ya kusa inci 2. Namijin shuɗi ne mai sheƙi, kamar rawani ɗan Kura da ya sha bugu. Kowane fiffike nasa yana da baƙin tambari mai faɗi da ya gitta shi kamar ɗamara, amma gindin fiffiken da bakinsa garau su ke. Macen koriya ce, ba ta da ɗamara, sai ɗan farin ɗigo kusa da bakin fiffike. Tashinsa a hankali ne, irin na malam-buɗe-littafi.

Yana da ɗan'uwa, Calopteryx virgo, wanda Linnaeus na ƙasar Suwidin ya raɗa wa suna a 1758. Sau da yawa a kan ɗauki wannan a maimakon wancan. Bambancinsu ke nan: namijin virgo fikafikansa baƙi ne kusan duka, kuma ya fi son rafi mai gudu da tsakuwa da inuwa. Mai ɗamara kuwa ya fi son ruwa mai tafiya sannu, mai laka a ƙasa da ciyayi a gefe.

Rayuwarsa

Ana ganinsa daga watan Mayu zuwa Agusta. Namiji ya kan kama wuri a bakin ruwa, ya kori sauran maza, in mace ta zo ya yi ta kaɗa fikafikai a gabanta. Bayan barbara, sai macen ta huda karan ciyawar ruwa ta sa ƙwai ciki, wani lokaci har ta nutse. Bayan kamar kwana 14 su ƙyanƙyashe.

Ɗan da ya fito ba shi da fikafikai. A Ingila ya kan yi shekara 2 cikin ruwa, tsakanin saiwoyi da laka, yana farautar ƙananan ƙwari. Yana da wasu abubuwa 3 a wutsiya masu kama da ganye, waɗanda ke taimakonsa numfashi. In ya isa, sai ya hau ciyawa, fatar bayansa ta tsage, mazari ya fito. Kwanakinsa a sarari 'yan makonni ne kawai. Ba ya harbi, ba ya ɓarnar amfanin gona, abincinsa ƙananan ƙudaje ne.

Abin lura ga Hakimai

Tun da ya ke yawancin ransa cikin ruwa ya ke, in ruwan ya ɓaci ba ya ɗorewa. Saboda haka masana a Turai su kan ƙidaya shi don su san halin da kogi ke ciki. Shi kansa ba ya zaune a ƙasar nan, amma akwai danginsa da yawa a rafuka da fadamu.

Ya kyautu Hakimi ya sa malaminsa, in an fita rangadi da kaka, ya rubuta rafukan da aka ga mazari a kansu. In baɗi an koma lokaci ɗaya, ga ruwa amma ba mazari, lalle a bincika. Watakila masunta sun zuba guba, ko maganin feshi ya gangaro daga gonaki, ko an nome ciyayin gaɓa ƙarƙaf.

Amma fa a gargaɗi talakawa: ganin mazari ba ya nuna ruwa ya kuɓuta daga tsargiya ko ciwon ciki. Ruwan rafi dai sai an tafasa kafin a sha.