Makullin Rumbu a Hannun Baƙo: Taƙaita Ikon Ɗan Kwangila a Kan Kwamfuta

Gabatarwa

A karkarar arewacin Kano, wajen Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa, gona na jingine da gona, kuma cimakar gida a rumbu take. Idan rumbu ya tsage akan kira magini ya gyara, amma mai gida yakan tsaya a kansa har ya gama. Wannan hikima tana da amfani a ilmin kwamfuta.

Mene ne Gajimare?

Gajimare suna ne da aka laƙaba wa manyan kwamfutocin wani kamfani da ke nesa, waɗanda ake ajiye bayanai a cikinsu, ana isa gare su ta intanet. Manoman Nijeriya sun ɗanɗana aiki da irin wannan ma'adana ta nesa a shekarar 2012, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, aka riƙa aiko da saƙon rabon taki ta wayar salula. Kamfanin Cellulant ne ya gina tsarin.

To, a ɗauka wata ƙungiyar manoma mai kai hatsi kasuwar Dawanau ta yanke shawarar kwashe lissafinta daga tsohuwar kwamfuta zuwa gajimare. Tilas ta ɗauko ɗan kwangila, shi kuwa zai nemi babban makulli, wato ikon mai kula da tsari. Mai wannan iko yana iya karanta komai, ya goge bashi, ya sauya lambar asusun banki, har ya kulle masu abin a waje.

Ina Haɗarin Yake?

Ba lallai sai ɗan kwangila ya ci amana ba. Shi ma ana iya yi masa sata. A shekarar 2013 ɓarayi sun sace kalmar sirrin wani kamfanin na'urorin sanyaya wuri da ke yi wa kantunan Target na Amurka aiki. Ta wannan kafa suka kutsa, suka kwashe bayanan katunan kuɗi kimanin miliyan 40.

Rigakafi

Tun a shekarar 1975 masana biyu, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka bayyana ƙa'idar cewa kada a ba kowa iko fiye da abin da aikinsa yake bukata. Ga yadda ake aiwatar da ita:

1. Babban makulli ya zauna a hannun ƙungiya. A buɗe wa ɗan kwangila asusu na dabam da sunansa.
2. A iyakance shi ga sashen da zai kwashe. Mai kwashe sunayen mambobi ba ruwansa da biyan kuɗi.
3. A sa wa asusun ranar ƙarewa.
4. Ban da kalmar sirri, a nemi shaida ta biyu, kamar lambar da ke zuwa ta waya.
5. A kunna rajistar da ke rubuta duk abin da ya taɓa, a ajiye ta inda ba zai iya gogewa ba.
6. A adana kwafin bayanai kafin a fara. Da an gama, a rufe asusun, a sauya duk kalmar sirrin da ya gani.

Kammalawa

Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta shekarar 2023 ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya tsakanin mai bayanai da wanda ya ba aikin sarrafa su. Idan kuwa aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, sai a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Ashe ba da kwangila ba ya sauke nauyin amana daga wuyan ƙungiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa ba a son mutum biyu su yi tarayya a asusu ɗaya?
2. Idan makaranta za ta mayar da sakamakon jarrabawa gajimare, wane iko ya dace a hana ɗan kwangila?