Allurar agogon injina ta kwanta: agogon ne ko kebul?

Tambaya: Babur ɗina irin CG125 ne. Allurar agogon da ke nuna juyin inji ta fara rawa, yanzu kuma ta kwanta gaba ɗaya. Agogon ne ya mutu, ko akwai gyara? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar sayen sabon agogo, domin galibi laifin kebul ne. A cikin baƙar robar kebul ɗin akwai siririyar waya murɗaɗɗiya mai baki a kowane gefe. Inji na juya ta daga ƙasa, ita kuma tana juya maganaɗisu a cikin agogon, shi ne ke ɗaga allura. Rawar da ka fara gani alama ce wayar ta bushe ko ta lanƙwashe. Kwanciyar kuma na nufin ta tsinke, ko bakinta ya cinye.

Ka kwance kebul ɗin daga bayan agogo, ka ta da inji, ka leƙa bakin. In wayar tana juyawa, matsalar tana agogo. In ba ta motsi, zaro ta. Idan ta fito guntuwa, ka sami mai laifi. Idan ta fito lafiya, sai bakanike ya duba giyar da ke juya ta a jikin inji.

Ka tafi kasuwa da tsohon a hannu, ka gwada tsawo da bakuna, don kebul ɗin mitar gudu da ke zuwa tayar gaba yana kama da shi. Wajen ɗaurawa, bi hanyar da tsohon ya bi, ba lanƙwasa mai tsanani, ba kusa da salansa ba. Juya wayar a hankali har bakinta ya zauna, sannan ka ɗaure da hannu, ba da filaya ba. Karkata kan babur dama da hagu, ka tabbata kebul bai ɗame ba.

Ƙurar hunturu da ruwan damina ne ke kashe shi. Duk ƙarshen kowanne, zaro wayar, wanke da kananzir, shafa giris kaɗan. Amma ka bar kamar taƙi ɗaya na sama a bushe, kada maiƙo ya hau cikin agogo ya danƙare allura. Allah Ya tsare hanya.